Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malaman Jami'a Masu Bincike Da Hukumar TETFund: Ina Sakamakon Jinin Da Aka Ɗiba?

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe farfesoshi da daktoci, da ku ɗalibai masu neman digiri na biyu da na uku, da ku ma'aikatan TETFund da lalitar kuɗin bincike ke hannunku. Allah ya ƙara ilimi mai amfani.

Ni ba kowa ba ne, malamin firamare ne daga yankin Anka a jihar Zamfara, NCE kawai gare ni. Sai dai na yi shekaru ina irin aikin nan da kuke kira mataimakin bincike, a ƙauye kuma ake ce mana ɗan rakiyar baƙi. Ni ke shiga gaba in faɗi in gaida mai gari, ni ke lallaɓa maigida ya bari a shiga cikin gida, ni ke juya tambayar turanci ta koma Hausa, in juya amsar Hausa ta koma turanci, kuma idan Hilux ta tayar da ƙura ta tafi ni ake bari a garin da mutane. Wannan na ƙarshen shi ya sa nake rubuto maku.

Akwai wata tsohuwa a garinmu, Inna muke ce mata. Shekarun baya wasu masu bincike suka zo, ba zan faɗi daga ina ba, ba kuma likitocin da suka zauna da mu suna ba yara maganin gubar dalma nake nufi ba, waɗannan daga baya suka zo, na kwana huɗu. Suka ɗebi jinin yara, suka kankari ƙasar tsakar gida suka zuba a 'yan ledoji, suka ɗebi ruwan rijiya a kwalabe, kowa ya dangwala yatsa a takarda, aka raba sabulu sanda bibbiyu. Da bakina na gaya wa mata cewa nan da wata uku za a dawo a faɗa wa kowa abin da aka gani, don haka aka ce in faɗa. Jikan Inna yana cikin waɗanda aka ɗebi jininsu, sai da ta danne shi a cinyarta yana tsala ihu. Toh daga ranar har yau, ko a gidan suna muka haɗu ko a hanyar kasuwa, sai ta tsayar da ni ta ce, Malam, wai jinin yaron ga da kunka ɗiba, mi anka gani? Da farko ina cewa suna nan tafe Inna. Daga baya na koma cewa Allah dai ya kawo su. Yanzu kam wallahi idan na hango ta sai in sauya hanya, ni da na haifi 'ya'ya shida. Yaron ya girma, ya zauna a ajina, karatu ba ya zama a kansa ko kaɗan, abin da ka koya masa da safe kafin tashi ya zube, kuma ita abin da take son sani ke nan, shin jinin ne ko kuwa haka Allah ya yi shi. Ba kuɗi take nema ba.

Wani ƙanena da ke jami'a ya taɓa lalubo min takardar da nake kyautata zaton ita ce suka rubuta, a intanet. Shafin farko kawai ya buɗe, sauran sai an biya da dala. Garinmu ya zama ɗigo a taswira, yaranmu sun zama lamba a jadawali. Masu takardar na tabbata an ƙara masu girma a wurin aiki, Allah ya sanya alheri, ba hassada nake ba.

Kada ku ɗauka ni maƙiyin bincike ne. Ɗan Zamfara da ya ga 2010 da idonsa ba zai raina bincike ba. A farkon shekarar nan yara suka dinga mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, Dareta, Abare, 'Yargalma, Tungar Daji, Sunke da sauransu, yaro ya kama amai, ya kama jijjiga, kafin a yi wani abu ya cika. Wasu suka ce sanƙarau ne, wasu zazzaɓin cizon sauro, wasu suka ce iska. Ma'aikatan MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta duniya, da ke zagayen duba sanƙarau ne suka lura abin ya wuce misali, aka gwada maganin maleriya bai yi ba, sai da aka tura jini waje aka auna aka gano gubar dalma ce. Dutsen zinare da ake haƙowa ana kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a inji, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, ashe cike yake da dalma. Da mutanen CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, sun ƙirga yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga ciki sun rasu a cikin shekara ɗaya, ɗaya cikin huɗu ke nan. A wasu wuraren dalmar da ke cikin ƙasa ta haura 100,000, a ma'aunin da a lokacin Amurka ke cewa idan ya wuce 400 bai kamata yara su yi wasa a wurin ba. Gaba ɗaya yaran da aka rasa sun kai wajen 400. Bincike ne ya nuna cewa ba a fara ba yaro maganin fitar da dalma a mayar da shi gidan da ke da guba, sai an kankare ƙasar sama an kai rami an binne an zubo sabuwa tukuna. Da ba don awon nan ba da har yanzu muna ta turare muna cewa iska ce.

Amma ga wani abu da nake so ku tsaya a kansa. Kafin yara su fara mutuwa, agwagi ne suka fara. Mutanen ƙauyukan sun ga agwaginsu na ƙarewa watanni kafin nan, kowa ya gani, mata sun yi zancen a bakin rijiya, sai dai babu wanda ya taɓa gaya masu cewa dutse na iya kisa, babu kuma wanda ya zo ya tambaye su sai bayan an cika maƙabarta. Rabin ilimin yana wajenmu, rabin yana wajenku, ba a haɗa ba sai da aka makara. Kuma ko bayan an sani ɗin, garin Bagega da ke Anka, da shi ma gubar ta kama, sai 2013 aka kwashe ƙasarsa, bayan matasa sun yi ta kururuwa a kafafen sada zumunta kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Sannan a 2015 abin ya sake faruwa a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja, yara 28 suka tafi, iri ɗaya sak, dakan dutse a gida. Shekara biyar tsakani! A cikin shekara biyar ɗin nan takardu nawa aka rubuta da turanci kan dalmar Zamfara, taro nawa aka yi a otal a Abuja, amma mai haƙar zinare a Shikira, wanda Hausa yake ji, rediyo ke rataye a wuyansa, labarin bai kai masa yadda zai hana shi kai dutse gida ba.

Kun san kuma dalilin da ya sa aikin ɗan rakiya ke da wuya a ƙasar Hausa, ba sai na tuna maku ba amma bari in tuna. A 1996 lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Asibitin Zana da ke Kano, yara 200 ne a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a yi masu bayanin cewa gwaji ake yi ba. Aka yi ta shari'a sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Da aka zo 2003 aka ƙi rigakafin shan inna, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke kafa hujja da shi, Kano ba ta koma ba sai 2004, cutar kuwa ta bazu har wasu ƙasashe, sai 2020 aka ce Afirka ta rabu da ita. Har yau idan na shiga gida da mai farar riga, wani dattijo zai ja ni gefe ya ce Malam, ba irin na Kano ba ne ko? Ni ke rantsuwa. Mutuncina nake jinginarwa, da na mahaifina da ya yi limanci a garin. Duk wanda ya ɗebi jini ya tafi bai dawo ba, ko da zuciya ɗaya ya yi, bashi ya ci da sunana, kuma wanda zai zo bayansa da allurar gaskiya shi zai biya.

Bari kuma in faɗi laifinmu mu 'yan rakiya, don wanda ya ce zai faɗi gaskiya da kansa yake farawa. Ana ba mu fom mai shafi goma sha, a ce gida ashirin a rana, alawus kuma sai an cike adadi. Rana ta take, ƙafa ta gaji, maigida ya tafi gona, toh na ga inda ake zama a gindin mangwaro a cike sauran da ka, ni ma akwai ranar da na ƙarasa gida uku haka, Allah ya yafe min. Waɗannan lambobin su ne suka shiga kwamfuta, suka fito da ɗigo da kashi cikin ɗari kamar wahayi. Da masu aikin sun san dole su dawo su karanta sakamakon a ƙofar gidan mai gari, gaban mutanen da aka ce su suka ba da amsar, wallahi da mu da su sai mun fi tsoron ƙarya.

Sai kuma su kansu tambayoyin. Wanda ya rubuta su a ofis bai taɓa zama a kan tabarma da matar ƙauye ba. A ce ka tambaye ta nawa mijinta ke samu a wata. Wane wata? Na kaka ko na bazara? A ce ta lissafo sunayen 'ya'yanta tun daga na fari, alhali kowa ya san ba ta faɗin sunan ɗan fari, wata ma tsallake shi za ta yi gaba ɗaya don kunya ta fara daga na biyu, kai kuma ka rubuta biyar alhali shida ne. A ce ka tambaye ta 'ya'ya nawa suka mutu mata, haka gatsau, gaban kishiya da baƙon namiji. Wata ta taɓa kallona ta ce, waɗanda Mai su ya karɓa ma sai an ƙirga? Na rasa abin cewa, na bar gurbin ba komai, da yamma shugaban tawaga ya yi min faɗa wai na ɓata masa fom. Shekarun yaro kuwa sai dai ka bi da damina, ko ka ce kafin rasuwar mai gari ne ko bayanta. Duk wannan mu muka san shi, ba a taɓa zama da mu kafin a buga fom an ce ya kuke gani ba, kuma sunanmu ba ya fitowa ko a layin godiya.

A ɓangaren makaranta ma haka abin yake, nan kam gidana ne. Ɗalibai masu furojet suna zuwa da takardar tambayoyi kan dalilan faɗuwar yara, mu cike masu, su tafi. Na leƙa irin waɗannan kundayen a laburare, an yi masu bango mai kyau da rubutun ruwan zinare, ƙura ta rufe su, ka buɗe babi na biyar duk abu ɗaya ne, gwamnati ta ƙara kuɗi, a wayar da kan iyaye, a horar da malamai, kamar mutum ɗaya ya rubuta su duka. Alhali akwai binciken da ya kamata kowane malamin aji ɗaya ya sani. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ife, suka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, turanci na matsayin darasi kawai, yaran nan kuma ba su gaza takwarorinsu ba har a turancin. A Bauchi da Sakkwato an gwada yaran ƙananan azuzuwa ɗaya bayan ɗaya aka samu mafi yawansu ba sa iya karanta kalma ko ɗaya da Hausa, harshen da suke mafarki da shi, daga nan aka fito da littattafai da tsarin koyar da karatu da Hausa irin su Mu Karanta. Ni duk wannan ban ji shi a kwalejin ilimi ba, a bakin wani abokina na ji da ya je wokshop, ya dawo da littafi ɗaya muka dinga karɓa-karɓa. Malamai nawa ne har yanzu ke tsaye gaban yara saba'in suna rera turancin da su kansu ba su gama ji ba, suna zaton Hausa a aji koma baya ne?

Na muhalli kuwa ku leƙa maƙwabta. A yankin Maraɗi tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tsiron da ke fitowa daga kututture a gona, su rage rassa su bar ɗaya ko biyu su tashi, abin da suke kira sassaben zamani, wani Bature ɗan Ostireliya Tony Rinaudo na cikin waɗanda suka ƙarfafa shi. Babu shuka, babu ban ruwa. Sai bayan wajen shekara ashirin masu bincike suka duba hotunan tauraron ɗan adam suka ga fili wajen hekta miliyan 5 ya farfaɗo a Nijar, itatuwa wajen miliyan 200, gawo da sauransu. Manomi ya riga farfesa. Maraɗi ga ta ga Jibiya, harshe ɗaya, aure ɗaya, amma mu nan kowace damina sai a kawo dashe a leda a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun gama da shi. Wanda ya karanta takardun nan a jami'a me zai hana ya ɗauki manoma goma a mota ɗaya ya kai su su gani da ido? Kuɗin bai kai na kwana biyu a otal ba.

Toh ga roƙona, kuma ba abu ne mai tsada ba. Ku TETFund, tunda kuna da asusun bincike na ƙasa kuna kuma ba malamai kuɗi, ku sa sharaɗi, duk wanda ya shiga gari ya ɗebi jini ko ƙasa ko ruwa ko amsar mutane, ba za a sakar masa kason ƙarshe na kuɗinsa ba sai ya koma garin ya faɗi abin da ya gano da harshen mutanen, mai gari ko shugaban makaranta ko mai kula da asibitin garin ya sa hannu cewa an zo. Ku ware kuɗin komawar tun a kasafin farko, don na san uzurin kullum shi ne kuɗi ya ƙare. Ku jami'o'i, ɗalibi ba zai karɓi digiri ba sai ya haɗa da shafi ɗaya tak na Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, ko ma wane harshe ne na inda ya yi aikin, wanda kakarsa za ta fahimta idan an karanta mata. Kuna da sassan koyar da harsunan Najeriya cike da masana, ga aikin yi nan. In mutum ya kasa faɗin bincikensa a shafi ɗaya da harshen uwarsa, ni dai ina da shakka ko shi ma ya gane shi. Shafin nan a karanta a rediyo, a naɗe shi a murya a tura a WhatsApp, minti uku ya isa, yanzu ko a rugar da babu lantarki akwai mai waya. Na san hanyoyinmu sun lalace da 'yan bindiga, ba na ce kowa ya kawo kansa a sace ba, amma wanda ya iya kiran waya ya yi tambaya zai iya kiran waya ya ba da amsa.

Abin da ya shafi jinin mutum kuwa ba a rediyo ake faɗa ba, a ba shi a hannu, a rufe, a yi masa bayani, in akwai matsala a nuna masa inda zai je. Wannan ba ni na ƙirƙiro ba, yana cikin ƙa'idar Helsinki ta bincike a kan ɗan adam, wadda ku kanku kuke ambata a takardunku, cewa wanda aka yi bincike a kansa a ba shi damar sanin sakamako. Kwamitocin ɗa'a da ke buga hatimi kafin a fara aiki, su dinga tambaya bayan an gama ma.

Na ga yadda abin ke kyau idan ya dawo. Maganin nan da ake bi gida gida ana ba yara duk wata da damina don kare zazzaɓi, daga gwaje-gwajen da aka yi a Senegal da Mali da Burkina Faso da Gambiya ya fito, hukumar lafiya ta duniya ta amince da shi a 2012. Ranar da na gaya wa mata haka a wajen rabo, cewa wasu iyaye ne irinsu a wasu ƙauyuka suka yarda aka gwada a kan 'ya'yansu shi ya sa yau muke samu, sai wata ta ce ashe dai abin yana dawowa, Allah ya saka masu. Ranar ba wadda ta ɓoye ɗanta a ɗaki.

Ku kuma da kuka zo garinmu na kwana huɗu, idan wannan ta iso gare ku kun san kanku. Littafin da na rubuta sunayen yaran da lambar da kuka manna wa kowace kwalba yana nan a akwatina, gara ta ɗan ci gefe amma ana karantawa. Jikan Inna shi ne na goma sha bakwai. Lambar wayata ba ta canza ba, ita ce dai wadda kuka dinga kira da asuba kuna cewa in tara mata kafin ku iso. Inna ta tsufa sosai yanzu, idonta ya fara rauni, ku hanzarta.

Naku,
Wani malamin firamare, tsohon ɗan rakiyar baƙi, daga yankin Anka.